Dosiyen "Bandin Sipaniya" a wani shagon turi na Tawa: zaɓi mai kyau, gyaran gangar Abzinawa

A layin masu gyaran salula da ke gefen babbar kasuwar Tawa akwai wani shagon turi da ya fito da abin da maƙwabtansa ba su da shi. Bayan fassarar Indiya da fina-finan Kano da wasannin ƙwallo, yana da dosiye guda da ya sa wa suna "Bandin Sipaniya": fim goma na Sipaniya, mafi yawansu a kan yaran bayan gari, ƙwace, allura da zaman kashe wando. Wanda ya zo da kart memwar ɗinsa ko kile zai biya jika ɗaya a zuba masa duka goman. Ɗaya-ɗaya kuwa dala talatin ne. In da kart na shagon mai jiga 16 ake so, jika huɗu da rabi. Kowane fim yana da iri biyu, cikakke da wanda suke kira "mai tsabta", uku daga ciki kuma an ɗora musu muryar Hausa.

Wanda ya zaɓi fina-finan nan ya san abin da yake yi. Wanda ya yi aiki a kansu bayan an zaɓa shi ne ya ɓata rawa da tsalle, kuma ɓarnar ta fi yawa daidai inda shagon yake tutiya da shi, wato yankan da fassarar.

A Sipaniya ana kiran irin waɗannan fina-finai quinqui, a furta "kinki". Tushenta ɗaya da kalmar quincaillerie da muke gani a allon masu sayar da ƙusa da kwaɗo. Da farko sunan masu yawo ne da tarkacen ƙarfe suna gyaran tukwane, daga baya ya koma kan duk yaron unguwa mai fizge jaka da satar mota. Janar Franco, mai mulkin kama-karya na ƙasar, ya mutu ranar 20 ga Nuwamba 1975, a ƙarshen 1977 kuma aka soke tace fina-finai, sai masu kamara suka samu damar nuna abin da aka daɗe ana rufewa. Tun shekarun 1960 talakawan karkara, musamman na kudu, suke kwarara Madrid da Basalona da Bilbao neman aikin masana'anta, ana jibge su a bukkokin kwano da dogayen benaye can bayan gari. Tashin farashin man fetur na 1973 da 1979 ya durƙusar da masana'antun. A 1985 rashin aiki ya haura kashi 20 cikin 100, na matasa ya haura kashi 40. A daidai wannan tsakani hiroyin ta shigo unguwannin. Yaran da ke cikin fina-finan ƴaƴan waɗancan ƴan ci-rani ne, uba ya baro gona don aikin da ya ƙare kafin ɗansa ya girma. Ba'adare da ya san tafiya bida ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Mafi tsufa a dosiyen shi ne Perros callejeros na José Antonio de la Loma, 1977, ma'anarsa karnukan titi, wanda aka ɗauka a gefen Basalona. Shi ya buɗe ƙofa, amma shi ne mafi rauni wajen tunani: tseren mota ne da ƴan sanda a cikin Seat 124, ana yi ana ƙarawa, da ɗan wa'azi a manne. Haka ma Yo, el Vaquilla na 1985, tarihin Juan José Moreno Cuenca, wato El Vaquilla, wanda ya fara satar mota tun ƙafarsa ba ta kai birki sosai ba. Su biyun ne yara suka fi nema a shagon, kuma su ne ba za a yi asara ba in an bar su.

Nauyin dosiyen yana kan fina-finai huɗu na Eloy de la Iglesia da ɗaya na Carlos Saura. Navajeros (1980), wato masu wuƙa, labarin El Jaro ne, yaron Madrid da aka harbe a 1979 yana da shekara 16. Colegas (1982) shi ya fi kowanne tsayawa a kan rashin aiki: abokai biyu suna zaga gari ba wanda ya ɗauke su, ƙanwar ɗayan tana da cikin ɗayan, kuma kowace hanyar samun kuɗi da aka nuna musu ta fi ta baya muni. El pico (1983) a Bilbao yake. Ɗan kwamandan jandarma da ɗan wani ɗan siyasa mai neman yankin Bask ya ɓalle daga Sipaniya, waɗanda iyayensu ba sa ga maciji, sun haɗu a kan allura guda. Kalmar pico tana nufin tsirar allurar, tana kuma nufin kusurwar hular jandarmomin ƙasar, da gangan aka zaɓe ta. El pico 2 (1984) ya bi yaron zuwa gidan kason Carabanchel. Shi kuwa Deprisa, deprisa na Saura, wanda Faransawa suka sa wa Vivre vite, ya ci babbar kyautar bikin fim na Berlin a 1981. Matasa huɗu ne, uku maza da yarinya guda da ke manna gashin baki in za a je fashi. Ba ihu, ba wa'azi. Suna fashi kamar yadda wani yake zuwa aiki, burinsu ɗaki da firiji da ganin teku.

Abin da shagon bai faɗa wa mai saye ba, kuma ya kamata a rubuta shi ko a takarda ce a manna a bango, shi ne yawancin yaran nan ba ƴan wasa ba ne, daga titi aka ɗauko su. Ángel Fernández Franco, wato El Torete na fim ɗin 1977, sida ta kashe shi a 1991. José Luis Manzano, jarumin Navajeros da Colegas da El pico, hiroyin ta kashe shi a 1992 bai cika talatin ba. El Pirri, abokin wasansa, ya mutu a 1988 yana da 23. José Antonio Valdelomar na fim ɗin Saura a cikin kason Carabanchel ya mutu a 1992. El Vaquilla ya kai 2003, bayan ya ƙarar da mafi yawan rayuwarsa a ɗaure. De la Iglesia kansa ya faɗa cikin hiroyin, daga 1987 bai sake fitar da fim ba sai 2003. Wanda ya san wannan kafin ya danna, kallonsa daban ne da na wanda ya ɗauka akta ne da bos.

Ukun ƙarshe na baya-bayan nan ne. Barrio (1998) da Los lunes al sol (2002) na Fernando León de Aranoa ne. Na farkon yara uku ne ƴan shekara 15 a hutun bazara a Madrid, ɗaya yana kai abincin oda da ƙafa da bas don ba shi da babur, ɗaya ya ci kyautar babur ɗin ruwa a garin da ba teku. Na biyun magidanta ne da aka rufe musu masana'antar ƙera jiragen ruwa, Javier Bardem yana cikinsu. Akwai inda wani dattijo ya rina furfura don zuwa neman aiki, gumi ya tsiyayo da rinin a wuyansa. Ba wuƙa ba allura a ciki, kuma shi ne wanda za a iya kallo da iyaye ba tare da an miƙe an bar ɗakin sau da yawa ba. Na goma, Las leyes de la frontera na Daniel Monzón, 2021, waiwaye ne zuwa 1978. Hoton ya fi kowanne kyau, tsabtar ta yi yawa, talaucin kamar an goge shi da man shafawa.

Yanzu ga aikin shagon.

Iri "mai tsabta" shi ake fara miƙa wa kowa in bai tambaya ba. Dalilin a fili yake: fina-finan 1977 zuwa 1985 suna da tsiraici da zagi da abin da ba za a kalla a tsakar gida ba, kuma ba wanda zai zargi mai shago don ya cire wannan. Matsalar ita ce almakashin bai tsaya nan ba. A El pico an cire duk inda allura ta shiga jijiya, an cire kwanakin da yaron yake birgima da amai da makyarkyata don rashin hiroyin. Abin da ya rage shi ne samari biyu masu babbar riga da kuɗi a aljihu, sai kawai a ga ɗaya ya mutu ba a san me ya kashe shi ba. Na Navajeros ya fi muni. Ƙarshen fim ɗin ana nuna haihuwar ɗan Jaro da harbin Jaro a lokaci guda, ana yanka daga wannan zuwa wancan. Da yake hoton haihuwar a fili yake, mai yankan ya ɗebe wajen gaba ɗaya, har da harbin. A iri "mai tsabta" Jaro bai mutu ba. Yaron da ya kalli wannan ya ga ɗan shekara 15 ya yi fashi, ya tsere daga gidan gyaran hali, ya tara yara a bayansa, fim ya ƙare yana raye. An cire abin kunya, an cire sakamakon tare da shi, aka bar tallar daba tsagwaronta.

Yankan ya jawo wata matsalar ta na'ura. Rubutun fassarar Faransanci yana cikin fayil ɗinsa daban, mai ƙarewa da srt, kuma lokutansa na cikakken fim ne. Da an cire minti biyu a farko, duk rubutun da ya biyo baya zai makara da minti biyu, kowane sabon yanka kuma ya ƙara tazarar. A El pico "mai tsabta" kafin a kai rabi rubutun yana ba da labarin abin da ya wuce tuntuni. Wannan ba ya gyaruwa da danna maɓalli, sai dai a koma cikakken.

A cikakkun ma biyu suna da zamewar rubutu, Colegas da Yo, el Vaquilla, amma dalilin daban ne. Hoton an ciro shi daga faifan Turai mai gudun hoto 25 a daƙiƙa, rubutun kuma an yi shi don mai gudun 23.976. Bambancin kashi 4 ne da ɗan ɗoriya cikin 100, wato kusan daƙiƙa biyu da rabi a kowane minti, ya tashi kusan minti huɗu a fim mai minti 90. Alamarsa ita ce a farko komai daidai, sai tazarar ta riƙa girma a hankali. A manhajar kallon fim ta VLC a kwamfuta maɓallan G da H suna matsar da rubutu gaba ko baya, amma wannan maganin tazarar da ba ta canzawa ne. Mai girma a hankali sai an buɗe fayil ɗin a manhajar gyaran rubutu irin Subtitle Edit an canza gudun daga 23.976 zuwa 25. Aikin minti ɗaya ne, kuma aikin shagon ne, ba na mai saye ba. Sannan a wasu talabijin haruffan Faransanci masu alama, é da è da ç, suna fitowa kamar rubutun aljanu. Sake ajiye fayil ɗin a tsarin UTF-8 yakan warware shi.

Ingancin rubutun kansa biyu ne. Na Deprisa, deprisa da Los lunes al sol da Las leyes de la frontera aikin mutum ne, ana karantawa ba tuntuɓe. Na sauran inji ne ya juya, kuma inji bai san yaren titi ba. A bakin yaran nan caballo, doki, ita ce hiroyin. Camello, raƙumi, shi ne dila. Mono, biri, shi ne ciwon da ke kama mutum in bai samu ba. Chocolate wiwi ce da aka dunƙule. Saboda haka mai kallo a Tawa zai karanta cewa yaro yana da biri, zai tafi wurin raƙumi ya sayi doki, ya rasa inda aka dosa, tunda a nan in an ce raƙumi raƙumi ake nufi. Mai ban dariya a ciki ita ce talego. Asalinta buhu ko jaka, a titi kuma tana nufin kaso, tana kuma nufin takardar peseta dubu, tsohon kuɗin Sipaniya, daidai yadda muke ce wa dubu jika. Injin ya bar ta a buhu ko'ina.

Muryar Hausa an ɗora ta a kan Perros callejeros da Navajeros da El pico. Mutum ɗaya ne yake yin kowa, maza da mata, a salon fassarar Indiya, kuma yana da baki, ba a raina masa ba. Amma ya shigo da barkwancin da babu shi a asali, yana yi wa yaran kirari in sun tsere wa ƴan sanda, yana kiran jarumin "maza gumbar dutse" a wurin da daraktan yake nuna yaro ne mai tsoro. An kuma kashe sautin asali ƙurmus maimakon a rage shi, sai kiɗan ya tafi. Waƙar rumba ta unguwannin, irin ta mawaƙa Los Chichos da Los Chunguitos, ita ce rabin waɗannan fina-finai, ita yaran suke saka wa a kaset ɗin motar da suka sata. Sa'a ɗaya ba a taɓa fim ɗin Saura ba.

Kuskuren da ya fi nauyi a fassarar shi ne sunan abin da ake sha. Wani wuri ya ce "ƙwaya", wani wuri "hodar ibilis". Hodar ibilis koken ce, tana tayar da mutum. Hiroyin kwantarwa take yi, in ta yi yawa ta rage numfashi har ya tsaya, shi ya sa wanda ta kashe yake kama da mai barci. "Ƙwaya" kuma a kunnen ɗan Tawa tramol ce. Akwai dangantaka, don duka biyun dangin opiyom ne kuma duka suna kama jiki, wanda ya saba in ya daina zai ji ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci. Tramol ɗin likita miligiram 50 ne a ƙwaya, ba a wuce 400 a yini, na bakin titi kuwa har mai 225 ake samu, kuma yawansa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Amma haɗiya ake yi. Abin da ya ƙarar da waɗancan yaran har da allurar da ake karɓa-karɓa, wadda ta raba musu sida da ciwon hanta. Fassarar da ta haɗe ukun a suna ɗaya ta hana mai kallo ganin inda labarin ya yi kama da namu da inda ya bambanta.

Ta fuskar fayil, bakwai suna tsarin MP4 da H.264, tsakanin mega 500 da 800 kowanne, suna buɗewa a kusan kowace salula da talabijin mai ramin kile. Uku, Barrio da El pico 2 da Las leyes de la frontera, MKV ne da H.265. Ƙananan salula masu arha suna sarƙewa da su, hoto ya tsaya sauti ya ci gaba, tsofaffin talabijin kuma su ce ba su san fayil ɗin ba. El pico 2 sautinsa AC3 ne, a wasu manhajojin hoto zai fito ba murya. VLC tana karanta shi. Mai shagon yana juya su zuwa H.264 da AAC in an nema, ba ƙarin kuɗi, amma sai an bar kart ɗin an dawo da yamma. Perros callejeros an miƙe hotonsa don ya cika allo, kowa ya yi faɗi kamar an danne shi, sai a shiga saitin girman hoto a gwada har tayar mota ta koma da'ira.

Kart ɗin shagon shi ne abin da za a yi hattara da shi. Cikakkun goman sun tashi kusan jiga 7, in an haɗa da "masu tsabta" da na Hausa kusan 13. Kart mai jiga 16 na gaske yana nuna wajen 14.8, ya isa. Na jabu yana nuna haka shi ma, amma cikinsa 4 ne ko 8, abin da ya wuce nan sunansa kawai zai bayyana, in an danna ba komai. A cikin kart uku na shagon da aka gwada da H2testw, manhajar gano kart na jabu, ɗaya ya faɗi. Mai shagon ya canza ba gardama, da alama shi ma sari ya yi a haka. Wanda ba shi da kwamfuta ya buɗe fim na ƙarshe da aka zuba, ya ja shi zuwa minti na 80 tun yana tsaye a shagon. Kwamfutar turin kuma tana ɗauke da ƙwayar cutar kwamfutar nan mai ɓoye dosiye ta bar gajerar hanya a madadinsa. A salula da talabijin ba ta yin komai, amma kada a danna gajerar hanyar a kwamfutar ofis ko ta lakkwal. Maganar haƙƙin masu fim kuwa, kamar kowane shagon turi, ko dala ba ta isa gare su.

Karɓar baƙi ba laifi. Yaron shagon yana barin mutum ya duba kafin ya biya, zubin goman ta waya mai kyau bai wuce minti 20 ba, akwai batir da faranti mai hasken rana saboda haka ɗaukewar wuta ba ta tsayar da aiki. Da azahar ne layi yake tsawo, in ɗalibai sun taso.

Abin mamaki, shagon da ke Tawa ba shi da Le Retour d'un aventurier na Moustapha Alassane, wanda ya yi shekaru masu yawa a garin nan kafin rasuwarsa a 2015. Fim ɗin na 1966 ne, kuma labarinsa samari ne da suka sa kayan kaboyi suka fara kwaikwayon abin da suka gani a sinima har suka addabi ƙauyensu. Babu Zinder na Aïcha Macky, 2021, a kan matasan Kara-Kara. Da an sa su a dosiyen, da sun fi kowace murya da aka ɗora yin aikin fassara.

Ga malami ko shugaban fada da ke son nuna su ga manyan samari, abin da za a ce wa yaron shago shi ne: cikakke, rubutun Faransanci, H.264, a kart ɗina. Biyar sun isa, dala ɗari da hamsin ke nan: Los lunes al sol, Colegas, Deprisa, deprisa, Navajeros, El pico, a wannan jerin, daga uban da ya rasa aiki zuwa ɗan da ya samu allura. Mai nunawa ya fara kallo shi kaɗai, ya rubuta mintocin tsiraicin a takarda, ya tsallake su da rimot a lokacin kallo, ya bar wajen allurar da minti goma na ƙarshe yadda suke. Ba na ƴan ƙasa da shekara 18 ba ne, ban da Los lunes al sol. Talabijin mai inci 32 tana cin wat 30 zuwa 50, batir mai bolt 12 da amfiya 40 zai kai fim biyu da sauran caji. A haɗa lasifika da waya, don ta Bluetooth sautin yakan makara da hoton, a VLC na kwamfuta kuma J da K ne suke daidaita shi.